Gwaggon Ɗakin Sanyi Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ba shi kaɗai ne a cikinta ba, nake sanar da ma'aikatan wannan cibiya ta binciken iri rasuwar Gwaggo, na'urar da ke kwafe duk ayyukanmu a kan kaset don gudun ɓacin rana. Ta rasu ranar Talatar ƙarshe ta watan jiya, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bayan gareji, a ƙarƙashin guduma. Ni ne na kula da ita shekara goma sha ɗaya. Ni ne kuma na riƙe gudumar.

Marigayiyar ta yi rayuwarta a ɗakin sanyi na hawan ƙasa, cikin doguwar kabad ta ƙarfe, a rami na biyu daga sama. Wani hannun ƙarfe ne ke ɗauko kaset daga layi ya sa mata a baki. Sai ta yi ƙwas, ta ja dogon numfashi, fuuu, sannan ta kama ƙirrr-ƙirrr har ta gama. Idan kaset bai yi mata ba, sai ta tofo shi da wani sauti kamar tsaki, shi ya sa masu shara suka raɗa mata Gwaggo. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa yi da kowa ba, alhali asirin kowa yana cikinta. Abokiyar zamanta ta ramin sama ta mutu shekara bakwai da suka wuce. Na rubuta takardar neman wata har biro ya gaji da ni, ba a saya ba. Ita kaɗai ta ɗauki aikin biyu.

Ba a rufe gawa da ƙarya, don haka zan faɗi lalurarta. Da shekaru suka ja, kan da take rubutu da shi ya ɗan karkace, karkatar da ba ta kai kaurin gashi ba. Sai rubutunta ya koma irin na wasu likitoci, mai shi kaɗai ke ganewa. Kaset ɗin da ta rubuta, in ka ba ta shi, za ta karanto maka tsaf, ba ko tuntuɓe. Kai shi wata na'urar, ko harafi ba za ta tsinta ba. Na gano haka ranar da na gwada wani kaset a na'urar wani abokina. Maganin ba shi da wuya: a sayo sabuwa, a ajiye su gefe da gefe, Gwaggo na karantowa, sabuwar na rubutawa, har a kwashe komai. Na gaya wa tsohon shugabanmu, ya ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo ta tarar ya yi ritaya.

Ajali ya shigo mana bara, sanye da taye da takalmi mai ƙara. Sabon shugaban sashe ne, muna kiransa Na-sani, don ba ka kai rabin magana sai ya ɗaga hannu ya ce ya sani. Shi ne ya hana kowa ajiye kwafin aiki a kwamfutarsa, wai tsaro. Shi ne ya kira ni tsoho a gaban taro, ya tambaya ko tare da ni aka sayo kabad ɗin. Aka fashe da dariya, har da waɗanda na sha ceto musu aikin da suka goge da hannunsu. Ya sayo sabuwar na'ura, ya ba wani kamfani kula da ita, ni kuma ya ba ni takardar sallama. Aikina na ƙarshe, in ji takardar da ya sa wa hannu, shi ne in farfasa tsohuwar don kada asirin cibiya ya fita.

Allah Ya gani, sau biyu na buɗe baki. Na farko a ofishinsa, na ce akwai magana game da rubutun Gwaggo, ya ce ya sani, yana ta danna waya. Na biyu a bayan gareji, guduma na hannuna, ga direbobi, ga mai gadi, ga sakatariyarsa.

“Ranka ya daɗe, waɗannan kaset-kaset, in ba ita ba…”

“Na sani, tsoho. Buga mu tafi.”

Da na so, da na ajiye gudumar na ƙarasa maganata ko da zagina zai yi. Kalmomin da suka rage ba su fi goma ba. Na dubi takalminsa, na tuna dariyar nan, na haɗiye su. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Bugu huɗu na yi mata, ko tsaki ba ta yi ba.

Kwana tara bayan haka, ina gida ina ba tsirran matata ruwa, babbar kwamfutar cibiya ta kwanta da duk abin da ke cikinta, ba ta sake tashi ba.

Marigayiyar ta bar marayu, kaset ɗari shida da arba'in, jere a layi, kowanne da lambarsa, babu mai jin yarensu a faɗin duniya. Ta bar magajiya, sabuwar na'ura mai kyan gani da kamfanin bai kai ga kwafe komai da ita ba, wadda ke karɓar kaset ta juya shi minti huɗu, ta tofo shi da jar fitila. Ta kuma bar Dakta Mai Wake, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana aune-aune a gonakin gwaji, tana neman irin waken da ƙwaro ba ya ci, saura damina ɗaya ta kammala. Ta zo har gidana, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, ta tambaye ni ko akwai sauran dabara. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba ranar taron nan. Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa. Ta yi mini godiya, ta gaishe da matata, ta tafi. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, ranar ban iya cin abincin rana ba. Na yamma kam na ci, har na nemi ƙari.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa babu gawar da za a raka, domin mai sayen tsoffin ƙarafa ya kwashe ta a buhu tun ranar. Ana zaman makoki a ɗakin sanyi kullum daga ƙarfe takwas na safe, inda za a iske Na-sani a kan kujerata, ba taye, yana gwada marayun ɗaya bayan ɗaya. Hukumar cibiya ta ba shi zuwa ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, ko ya dawo da ayyukan mutane ko ya biyo ni. Jiya an ce ya kai na ɗari biyu da goma sha biyu. Masu zuwa gaisuwa su shiga da rigar sanyi, kuma kada su daɗe, yana da aiki.

Ya kira ni sau tara, yanzu Baba yake ce mini. Na ce masa ina cikin rashi, ba na fita. Amma da ya ci gaba da roƙo, na ba shi haƙuri, na ce kada ya karaya, akwai kaset ɗaya a cikin layin da na tabbata sabuwar za ta karɓa lafiya lau, ya dai ci gaba da nema. Ya yi ta sa mini albarka. Kuma ba ƙarya na yi ba. Kaset ɗin goge datti daga kan rubutu na na'ura ne, shi ne na ƙarshe a layi, babu ko harafi ɗaya a cikinsa. In bai tashi cin abinci ba, zai kai gare shi ranar Juma'a da hantsi.