Akwatin Injiniya Ramalan

Daga Rano har Kibiya babu gwanin lantarki kamar Injiniya Ramalan. Shi da kansa ya faɗa. Digirinsa rediyo biyu ne da ya taɓa kwancewa, ɗaya har ta kusa tashi. Mai wannan rubutu ya san shi sarai, don hula ɗaya suke sawa.

Amininsa Ishiyaku, Allah ya jiƙansa, shi ma yana taɓa harkar, amma shiru-shiru. A gonarsa ta albasa a Fassi ya haɗa 'yan na'urori uku masu aika saƙo ta iska. Ɗaya tana jin bushewar ƙasa, ɗaya tana tayar da injin ban ruwa, ta ukun tana buga ƙararrawa a gida in shanu sun keta shinge. Ya ba kowace zangonta kamar tashoshin rediyo, ya rarraba su nesa da juna: wata a kan mangwaro, wata a jikin turke, wata cikin gwangwanin madara.

Ya rasu albasar na tsakiyar shan ruwa, kuma ita ce abincin iyalinsa na bana. Matarsa Saudat tana takaba, sai ta aika a roƙi Ramalan ya riƙa leƙawa.

Injiniya ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce wa maƙwabtan gona, "Marigayi mutumin kirki ne, amma ba a rataye ilimin zamani a bishiya."

Ya kwance su, ya jera cikin akwati ɗaya, eriya na gogar eriya. Ya mayar da su zango ɗaya, wai don haɗin kai. Ya shafa fenti, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Haɗin kai kuwa ya samu. Duka ukun suka riƙa magana lokaci guda, babu mai jin wani. Ƙasa na kukan ƙishi, injin bai ji ba. Ƙararrawa kuwa ko akuya ba ta gifta ba sai bugawa take.

A rana ta huɗu Saudat ta yi masa magana ta bayan labulen zaure. "Malam Ramalan, an ce albasar ta kwanta."

"Gwaji ne, mataki na biyu," in ji shi.

Ya koma gonar ya zauna gindin mangwaron, inda suka saba cin gyaɗa su biyu. Ya ɗauko gwangwanin da ya jefar, sai ga takarda a naɗe a ciki, da rubutun Ishiyaku mai karkata. Ya karanta, ya yi dariya, dariyar ta zama kuka. Kafin la'asar kowace na'ura ta koma mazauninta da zangonta, injin ya tashi. Rabin albasar ta farfaɗo.

Takardar cewa ta yi: "Ramalan, na san za ka haɗa su wuri ɗaya. In ka gama, mayar min da su."