Baturen da Na Ƙirƙira Saboda Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baturena ya mutu a gaban mata ba, duk da cewa ni na ƙirƙire shi.

Shagon ɗinkina yana bakin titi a unguwar New Bell. A nan Rukayya take tsayawa kowace safiya tana jiran bensikin, wato babur ɗin haya, ya kai ta ofis a unguwar Bali. Ni kuwa littattafan soyayya sun koya mini cewa mace ta fi son mai ilimi. Sai na fara ba ta asalin kalmomin Turancin titi, ɗaya a rana. (Turancin da na sani bai cika cokali ba.)

Na ce mata bensikin sunan wani Bature ne ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya ƙi komawa gida saboda wata 'yar unguwarmu, yana yawo da ita a babur har ya tsufa. Ta ce, "Allah sarki, Ben." Har rubutawa take yi a ɗan littafi. Babura uku suka wuce ba ta tsayar ba.

Ranar walimar yayanta ta kira ni tsakar gida, gaban gwaggonta da ta zo daga Bamenda.

"Malam Sani, ba Gwaggo labarin Baturen nan."

Na gyara hula, na zuba, har da kabarinsa a bakin teku.

Gwaggo ta ajiye kofinta. "Ɗana, da Turancin titin nan, Pidgin, na girma. Ma'anar bensikin ita ce lanƙwasa jikinka, don kada ka faɗo a kwana. Wannan Baturen, a wane masallaci aka ɗaura masa aure?"

Mata suka kwashe da dariya, har da Rukayya. Na fita da takalmin wani.

Daga ranar, sai ta wuce nake buɗe shago. Wata biyar ina haka, har aka yi aurenta ta koma unguwar Kotto.

Bara ƙanwarta ta kawo ɗinki, ta ce, "Yaya Sani, ai a Bamenda Anti Rukayya ta yi sakandare. Tun ranar farko ta san ƙarya ce. So take Gwaggo ta ga mai sa ta makara zuwa ofis."

Yanzu da asuba nake buɗe shago. Na koyi cewa idan an yi maka dariya, ka tsaya ka duba fuskar mai yin ta kafin ka nemi ƙofa.