Rasuwar Kaftin Kuza, Sulken Soso na Nasarawa Gwom

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da har yanzu yake amsawa idan na yi tari, ni Sharafaddeen mai gyaran kushin mota da kujeru a Nasarawa Gwom, a madadin iyalina da yaran layinmu, nake sanar da jama'ar Jos rasuwar sulkena na soso, wanda aka fi sani da Kaftin Kuza. Ya rasu ranar jajibirin Babbar Sallar nan ta 2007, da hantsi, a ƙofar shagona, yana bakin aiki. Ya bar duniya yana da shekara uku da ɗoriya, wanda a wurin soso tsufa ne mai albarka.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin kaya ne irin na jaruman da yara ke gani a talabijin suna ceton mutane: hular kwano, ƙirji, kafaɗu, hannuwa, cinyoyi da ƙwauri, duk launin azurfa. Wanda ya hango shi daga nesa zai rantse ƙarfe ne. Wanda ya matso ya taɓa, sai yatsansa ya lume.

An haife shi a damunar 2004, sanadiyyar 'yan biyuna, Hassana da Hussaina. Sun dawo daga kallo a gidan maƙwabta, sai Hussaina ta tambaye ni me ya sa duk jaruman nan a ƙasar Turawa suke zaune, wa zai cece mu idan abu ya taso a Jos. Yarinyar da aka goya aka gudu da ita a rikicin 2001 ba a ba ta amsar wasa a kan irin wannan tambaya. Na ce mata akwai namu, yana hanya. Hassana, wadda ba ta yarda da magana sai ta gani da ido, ta ce, "Yaushe zai iso, Baba?" Na ce kafin Sallah. Bakina ne ya faɗa, hannuna ya ɗauki wahalar.

Ubansa na biyu shi ne Oga Cletus mai sayar da soso da ledar kujera, abokin cinikina tun ina koyon sana'a. A da shagonsa yana kallon nawa. Bayan rikicin ya kwashe ya koma unguwar Kabong, can ɓangarensu, muka koma haɗuwa a kasuwar Taminus: ni in zo daga nan, shi ya zo daga can, mu gaisa, in ɗauki kaya, kowa ya juya. Da na gaya masa abin da nake son yi, sai da ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ce, "Oga Sharafa, soson katifa ba zai yi ba, zai sa ka zama kamar burodi. Akwai mai tauri wanda ana yi silifas da shi. Wannan ne na yaƙi. Na katifa ka sa shi a ciki, don jikinka."

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Uwargidana Fatimatuzzahra ce ta naɗe ni da takardar buhun siminti ina tsaye hannu a buɗe, tana zana layi da alli tana tambayata ko mahaifiyata ta san abin da nake yi da rayuwata. Da wannan takardar na fitar da awo. Na yanka da wuƙar masu takalmi, wadda soso ke dakusarwa kamar da gayya. Inda ake son lanƙwasa, sai a riƙe soson a kan risho har ya yi laushi, a danna shi a jikin wani abu mai zagaye, a jira ya huce. Kafaɗun marigayin a gindin tukunyar miyarmu aka ƙera su, shi ya sa har ya rasu kafaɗar hagu tana da ɗan lotsawa daidai inda tukunyar take da nata. Gam kuwa na masu takalmi ne, a shafa gefe biyu, a bari ya sha iska, a haɗa sau ɗaya. Idan ka karkace, haka zai zauna karkatacce har abada.

Yana da yaya da ya rasu a jariri. Ƙirjin farko da na yi, na fesa masa fentin mota kai tsaye, ina tsaye ina kallo fentin ya cinye shi, ya ƙanƙance ya murɗe kamar ganda a wuta. Shi marigayin sai da na yi ta shafe shi da farin gam na kafinta, ya bushe in ƙara, kafin ya ga fenti. Hularsa tsohuwar hular ɗan acaɓa ce. Idanunsa ƙananan tocila biyu. Igiyoyin da ke riƙe shi a jikina daga tsofaffin jakunkunan makaranta aka yanko. Sunansa kuma na kakana ne ta wata hanya, mutumin da ya zo tsaunukan nan haƙar kuza, shi ya sa na yanka diga da shebur daga gwangwanin madara na liƙa masa a ƙirji.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa neman caji ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan yana tafiya yakan ce, "Ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ." Idan yaro ya rugo ya rungume shi, sai ya saki ajiyar zuciya, "Fuuuu." Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma bai taɓa cin naman kowa da su ba. Mutum ne mai kamun kai, domin tunda aka haife shi bai taɓa zama ba. Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. A taron suna, a bikin rufe makaranta, a walimar sauka, kowa na zaune shi yana tsaye kamar wanda ke jiran a ba shi izini.

Ya san garin da aka haife shi. Da sanyin safiyar Jos babu rigar da ta kai shi ɗumi, amma rana na ɗagawa sai ya mai da mai sanye da shi dafaffen dankali. Ya taɓa raba faɗan 'yan acaɓa biyu a bakin titi ba tare da ya ɗaga hannu ba. Zuwa kawai ya yi ya tsaya a gefensu yana haska su da ido tsakar rana, suka manta a kan me suke faɗan. 'Yan biyuna kuwa sun rufa masa asiri. Sau ɗaya ne Hassana ta ce a gaban mutane, "Kaftin yana warin gam kamar Baba," Hussaina ta take mata ƙafa.

Ciwon ajalinsa ya fara a hankali. Hammatar dama ta fara buɗewa, ana liƙewa tana sake buɗewa. Ɓeraye suka same shi a saman silin suka ci gwiwar hagu. Fentinsa ya fara tsagewa. Sannan akwai larurar da ba tasa ba ce, tawa ce: shi yana nan yadda aka yanka shi, ni kuwa ina ƙaruwa. Ranar da igiyar ciki ta ƙi kaiwa, uwargida ta dube mu mu biyu ta ce, "Baban Biyu, ko ka rage tuwo ko ka ƙara soso, ɗaya dai za ka zaɓa." Na ƙara soso.

Ana saura kaɗan Sallah, Oga Cletus ya kira ni a waya. Autarsa Ifechi, wadda aka haifa bayan sun bar layinmu, tana da hoton marigayin a manne a bango. Ya ce, "Yarinya na ya hana ni sakat. Ya ce sai ya ga Kaftin da ido kafin mu tafi gida Kirsimeti." Na ce ai ka san Kaftin ba ya hawa acaɓa, ba ya ninkuwa, ba ya shiga buhu. Kowa ya san abin da ɗayan yake tunani: ni ina tsoron shiga Kabong, shi yana tsoron shigowa layinmu. Can ya ce, "To. Zan kawo shi."

Tun da ya kwashe kayansa, ƙafarsa ba ta sake taka layinmu ba sai ranar jajibirin nan. Ya shigo riƙe da hannun yarinyar gam, yana waige-waige, ya tsaya yana kallon tsohon shagonsa da ya koma wurin sayar da katin waya. Tsofaffin layi suka yi ta miƙewa, "Cletus, kai ne? Ina iyali? Ashe kana nan!" Ni kuwa ina cikin shago ana ɗaure mini igiyoyi. Da na fito, yara suka ɗauki ihu. Ifechi ta zare hannunta daga na ubanta, ta tako tsakiyar layi da jar rigarta, baki buɗe.

A ƙofar gidan da ke kallon shagona akwai ragon layyar maƙwabcina Alhaji Shu'aibu, fari tas, mai ƙaho naɗe biyu, ɗaure a jikin falwaya. Har yau ba a san abin da ya ɓata masa rai ba. Wasu sun ce ƙyallin azurfar ne, wasu sun ce ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗin. Ya ja baya, ya fizga, igiya ta tsinke. Yaran layi sun san ragon, suka watse. Ifechi ba ta san shi ba, kuma ba shi take kallo ba.

Ta ramin hular nan abin da mutum ke gani bai fi faɗin tafin hannu ba. Na ga ƙaho, na ga jar riga. Na kuma ga, a cikin kaina, labarin da zai isa Kabong kafin magariba idan wani abu ya sami 'yar Cletus a layinmu, ranar farko da ya amince ya kawo ta. Marigayin, wanda tunda yake bai taɓa yin taku mai tsawo ba, ya buɗe ƙafa. Na ji haɗin cinyoyinsa yana ɓarkewa, ya ce, "Ƙiiiiiƙ," ya sha gabanta.

Ragon ya same shi a tsakiyar ƙirji, daidai kan diga da shebur. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce, "Fuuuuuu," doguwa, wadda duk layin ya ji. Muka tafi da baya mu biyu muka faɗa kwata, inda ruwan wankin Sallah na gidaje da yawa ya taru. Soson katifar da ke cikinsa ya sha ya ƙoshi, ya yi nauyin da na kasa ɗagawa. Ragon kuwa ƙahonsa ya maƙale a ƙirjin, ya ɓalle shi ya yi gaba da shi a ka, ba ya ganin hanya, sai da Alhaji Shu'aibu ya kama wuya, Oga Cletus ya kama ƙafar baya, suka kayar da shi tare suna haki.

Ko ƙwarzane Ifechi ba ta yi ba. Ta leƙo kwatar ta ce, "Dadi, Kaftin ya mutu?" Ubanta ya durƙusa a bakin kwata yana kiran sunan Allah da yarensu, yana cewa, "Chineke! Oga Sharafa, kana numfashi? Yi magana mana!" Na ce a cire mini hular nan. Da aka cire, yarinyar ta ga sanƙo da gemu da gumi. Ta ja baya ta ce, "Wannan ai mutum ne." Hussaina, wadda ta riƙe sirrin nan shekara da shekaru, ta matso ta ce mata, "Babanmu ne." Yadda ta faɗe shi, sai da na roƙi a mayar mini da hular na ɗan lokaci.

Alhaji Shu'aibu ya yi ta cewa, "Malam Sharafa, wallahi ragon nan bai taɓa yi ba." Oga Cletus da ya zo da niyyar tsayuwar minti kaɗan, sai bayan la'asar ya bar layin, ya ci tuwo, ya yi musun ƙwallo da mutanen da ya rabu da gani.

Marigayin ya rasu ya bar hular kwano mai ido ɗaya da ke kamawa idan an buge ta, da hannun dama, da ƙwauri guda. Ya bar 'yan biyu, da Ifechi, da yaran layi da ba su ƙirguwa, da ɓerayen silin da za su nemi wani abincin. Wanda ake zargi da kisan an zartar masa da hukunci washegari bayan saukowa daga Idi, kamar yadda aka tsara tun kafin ya aikata laifin. Alhaji ya aiko da cinya guda ta ban haƙuri. Iyalan marigayi sun karɓa, sun soya, sun aika rabi Kabong.

Game da jana'iza, mun tuntuɓi limamin masallacinmu, ya dube ni ya ce in je in sha maganin ciwon jiki. Ƙonawa ba za ta yiwu ba saboda hayaƙi. Binnewa ma haka, domin soso ba ya ruɓewa, kuma ba ma son jikokinmu su haƙo shi su ɗauka wani sarki ne. Don haka an yanke shawarar a wanke shi, a shanya, a yayyanka, a cusa shi a kushin bencin ƙofar shagona ranar Asabar bayan azahar. Ana gayyatar kowa da kowa. Za a raba shayi da ƙosai.

Zama na biyu za a yi shi a shagon Oga Cletus da ke Kabong idan sun dawo daga tafiya a sabuwar shekara. Ni da 'yan biyu za mu je, kuma duk ɗan layinmu da ke son rakiya akwai wuri a mota.

Uwargida Fatimatuzzahra tana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada wanda ya kawo soso, gam ko fenti da sunan gudummawa. Oga Cletus kaɗai aka yafe wa, domin nasa ya riga ya iso. Da kansa ya kawo har cikin layi, mai kauri ne, na yaƙi, yana ƙarƙashin gado, kuma uwargida ba ta sani ba sai yanzu da take karanta wannan sanarwa.

Sanarwa daga Sharafaddeen mai kushin, Nasarawa Gwom, Jos, a madadin iyalan marigayi.