Yadda Za Ka Ci Kujerar Makka Ba Tare Da Ka Yi Gumi Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan sau da ƙafa, lada dai tabbas ne. An gwada su a jikin mutum mai rai, Ɗantani tela na Ƙaura Namoda, wanda ƙannensa duk sun zama alhazai, shi kuwa har furfura ta fito ana ce masa Ɗantani ziryan.

Ga yadda abin ya faro. Da Shari'a ta zo, aka rufe sinima, majalisun karta suka watse, maza suka rasa inda za su kai safiyarsu da yammarsu. Sai Kofur Muttaka, tsohon soja, ya tara su a fili bayan tashar jirgin ƙasa. Bayan sallar asuba a yi gudu, a yi tsalle, sannan kowa ya faɗi niyyar alherin da ya ɗaura a makon. Ba wanda ya kula su, sai da yayar Kofur, Hajiya Kulu mai fataucin gero, ta ce za ta biya wa wanda ya fi himma kujerar Makka. Washegari tsoron Allah ya sauko wa garin, fili ya cika.

1. Riga kowa isa

Isa kawai aka ce, ba gudu ba. Tsaya inda Kofur zai fara ganinka, carbi a hannu. Idan ya busa usur, tsuguna ka ɗaure igiyar takalmi. Takalmin Ɗantani silifas ne, amma bai taɓa fasa tsugunawa ba.

2. Zaɓi niyyar da ba a iya shinshinawa

Nan wawaye ke faɗuwa. Dogo, mai dakon buhuna a kasuwar Shinkafi, ya miƙe ya ce, "Ni dai Allah shi ba ni ikon barin taba." Ka ji shirme. Duk wanda ya matso kusa da bakinsa ya zama alƙali.

Ɗantani kuwa ya runtse ido ya ce, "Niyyata in wanke zuciyata." Fili ya ɗauki kabbara. Wa zai leƙa ya ga ko ta wanku?

3. Gumi

Ruwa ne da gishiri. Buta na nan, gishirin kuma ba mai lasa.

4. Nemi ciwo mai mutunci

Gwiwa ta fi. Ba ta kumbura don a gani, ba ta kuma hana cin ƙosai. Da ka same ta, koma gindin dalbejiya ka shimfiɗa buzu. Daga nan sai ilmi. Malamai sun ce wanda ya ɗaura niyyar alheri, uzuri ya tare shi, ana rubuta masa ladan cikakke. Gaskiya ne, kuma ba a ce sai an duba gwiwar ba. Riƙe wannan da kyau, ka maimaita shi da ƙarfi duk lokacin da masu gudu suka zo wucewa.

Wata safiya Dogo ya tsaya gaban Ɗantani yana haki.

"Baba tela, yau ma ƙahwar ce?"

"Ita ce, ɗana. Amma duk zagayen da kunka yi, an rubuta min nawa."

"To gobe ka yi min niyyar ɗaukar buhu goma, in kwanta ni ma."

Kada ka amsa. Ce masa Allah ya shirye shi.

5. Jefa musu riya

Wannan mataki na masu zurfin tunani ne. Tambayi masu gudun: don Allah kuke yi ko don kujera? In don kujera ne, ladan ya tashi. In don Allah ne, to me ya haɗa su da kujera? Su bar wa mai bukata. Ɗantani ya jefa wannan tambaya, mutum uku daga Zurmi ba su sake dawowa ba.

Sai dai a kula, tambayar tana bin mai ita gida. An ga Ɗantani a kan keken ɗinki, ƙafa ta tsaya cak, yana tunanin ko zama don a ga ba ka riya shi ma riya ne. Idan hakan ta same ka, sha fura ka kwanta. Yana wucewa.

6. Ranar zaɓe, kawo hujjarka gaba ɗaya

Kofur ya kai su zauren Hajiya, ita tana bayan asabari. Dogo ya ce shi ba ya da abin faɗa, tabar ma bai gama bari ba. Ɗantani ya gyara zama ya zuba karatu: niyya ta fi aiki, mai uzuri da mai gudu ladansu ɗaya, Allah zuciya yake dubawa ba ƙafa ba.

Hajiya ta ce, "Malam Ɗantani, hajjin hwa? Ka daɗe da niyyatai?"

"Hajiya, shekara da shekaru! Rashin hali kaɗai ya tare ni."

"Kuma wanda uzuri ya tare, an rubuta mai?"

"Cikakke, Hajiya. Ba ragi."

"Alhamdu lillahi, ashe kai ka gama. Ga gwiwa kuma, ina kai ina Safa da Marwa? Muttaka, a ba wancan mai warin taba, shi da bai da komi rubuce. Allah shi karɓa, Alhaji Ɗantani."

Ka ga amfanin shirin. Sunan da ya nema ya samu tun kafin ya fita zauren, kuma ya bi shi. Yau ko yadi aka kawo masa sai an ce, "Alhaji na Niyya, yaushe kunka sauka?"

A kula

Mai wannan rubutu ba ya da hannu a duk abin da zai biyo baya: tumbi, suna, ko gwiwar da za ta fara ciwon gaske. Idan ka bi matakan nan kujera ta wuce ka, kada ka neme shi. Shi ma ya yi niyyar taimakonka ne, kuma an riga an rubuta masa.