Yaƙin Haladu da Farantin Gidan Kallo

Wannan shi ne labarin Haladu ɗan Tanimu, ɗan Jatau Mai Gatari, ɗan Barmo wanda aka ce ya taɓa daka wa kura tsawa a bayan garin Malumfashi har ta waiwayo. Haladu mai wankin hula na bakin tasha, Garkuwan magoya bayan Arsenal, Sarkin Yaƙin bencin gaba, ma'abocin haƙuri da dogon fata, bakin da musu bai taɓa rufewa ba, wanda ko an lallasa ƙungiyarsa yakan fito daga gidan kallo yana bayyana wa jama'a cewa a haƙiƙa su ne suka fi riƙe ƙwallo.

Masu ruwaya sun haɗu a kan cewa al'amarin ya auku wata Asabar cikin bazara, bayan azahar, ranar da Arsenal za ta kara da Chelsea. Gidan kallon Alhaji Mamuda ya cika ya batse. Rundunar Chelsea ta yi sansani a hagu ƙarƙashin tutar Badamasi direban tifa, abokin gabar Haladu tun suna firamare, wanda ya kwashe makon nan yana zuwa rumfar wankin hula yana tambaya ko ana wanke kofi, don yana da su da yawa sun yi ƙura. Haladu ya haɗiye wannan baƙar magana, ya yi alkawari a gaban shaidu cewa ranar Asabar Badamasi zai fita ta ƙofar baya. A can ƙurya kuwa 'yan Laliga, masoya ƙwallon Sifen, suka zauna suna taɓe baki, suna cewa ƙwallon Ingila gudu ne kawai babu ilimi.

'Yan wasa na fitowa fili, sai talabijin ta yi shuɗi.

Alhaji Mamuda ya bubbuga dikoda, ya cire baturan rimot ya ciza ya mayar, babu labari. A ƙarshe ya sanar da cewa iskar hadarin jiya ce ta karkatar da farantin kamo tashoshi da ke kan rufi, kuma mai gyara ya tafi Funtuwa ɗaurin aure. Manyan baraden musu duk suka sunkuyar da kai. A nan ne Haladu ya miƙe, ya gyara ɗamarar wandonsa, ya dubi Badamasi ido cikin ido, ya ɗaga murya ya ce, “A kawo tsani!”

Aka kawo tsani, ya tuɓe silifas don kada su zame da shi, ya hau. Tarihi bai ɓoye ba cewa wannan shawara ta tuɓe takalmi ita ce kuskurensa na farko, domin kwanon rufin nan tun hantsi rana ke gasa shi, har ya zama tamkar kaskon tuya. Sadaukin ya taka, ya ɗaga, ya sake takawa, ya ratsa rufin da wata irin tafiya mai kama da rawa, har ya isa ga abokin karawarsa: faranti fari, mai faɗin tire, ya sunkuyar da kai yana kallon masai, notinsa ya faɗi ba a san inda yake ba.

Ya kai hannu ya cafko wuyansa. Bai sani ba ashe wata ƙabila ta rina ta kafa daula a bayan farantin tun daminar bara. Suka fito sahu-sahu, suka kai farmaki ta dama da hagu, guda ta same shi a kunne, guda a leɓen sama, amma jikan Jatau bai saki ba, ya yi ta juya farantin gabas da arewa, Alhaji Mamuda na leƙowa ta taga yana ba da umarni irin na amirin yaƙi, a yi dama, a ɗan ɗaga, a koma inda aka baro, har dai aka ji gidan kallon ya ɗauka gaba ɗaya: “Ya kawo! Kada ka motsa!”

Haladu ya sandare a yadda kiran ya same shi, hannuwa biyu sama, ƙafa ɗaya a lanƙwashe.

To, abin da bai sani ba shi ne, tasha ɗaya tak ta kawo, kuma ba ta Ingila ba ce. Wasu ƙarti ne na Amurka sanye da hulunan kwano, kafaɗu kamar an cusa musu matashin kai, suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Alhaji Mamuda ya buɗe baki zai ce a ci gaba da juyawa, sai wani ƙato ya ɗauki ƙwallon a hammata ya zura da gudu, wasu suka bi shi suka danne kamar an kama ɓarawon akuya. Jama'a suka miƙe tsaye. Kafin a ce haka, Badamasi ya rantse cewa masu farar riga ƙungiyarsa ce tun yana yaro. 'Yan Laliga suka ce wannan ma ya fi na Ingila tsari. Wani dattijo ya yi fatawa cewa langa ce Turawa suka sata suka sa mata hula. Babu wanda ya san dokar wasan, babu kuma wanda bai da hujja a kanta. Maganar mutumin da ke kan rufi kuwa ta fita daga zukata.

Shi kuwa Haladu yana sama yana karanta yaƙin da kunne. Ya ji an ce an kayar da mutum an hau kansa kuma ba a ba da kati ba, ya girgiza kai, ya ce dama ya san za a yi musu haka. Ya ji an ce wani ya ruga da ƙwallo a hannu tun daga tsakiyar fili, ya ce lalle ɗan Chelsea ne. Da ya ji an ce an ci shida a lokaci guda, ya kuma jiyo Badamasi yana salati, nan take hawaye suka zubo masa. Shida! Ya manta da tafin ƙafarsa, ya manta da leɓensa da ya kumbura ya kusa taɓa hanci. Ya shiga tsara kalmomin da zai gaya wa Badamasi, yana zaɓa yana zubarwa.

Da inuwa ta karkata, ya tabbata an tashi wasa, ya saki farantin ya sauko da ɗingishi. Jama'a suka fito a guje suka nufo shi. Ya buɗe hannuwa don a ɗauke shi a kafaɗa.

“Wa ya ce ka saki?” in ji Badamasi. “Saura kiris mu rama fa!”

Haladu ya ce, cikin muryar da leɓe ya nauyaya, ai Arsenal ta gama da su, shida ba wasa ba ce. Aka dubi juna. Alhaji Mamuda ya ja shi gefe ya warware masa yadda aka yi. Mai shayin ƙofar gida, wanda ya saurari wasan Ingila a rediyo, ya ƙara da cewa tuni aka tashi canjaras, babu wanda ya ci, har shi ma ya ɗan yi gyangyaɗi.

Garkuwa ya dubi ƙafafunsa. Can ya tambaya, su waɗanda masu farar rigar ke karawa da su, wace irin riga suka sa. Aka ce masa ja, irin ta Arsenal, kuma su ke gaba, amma yanzun nan aka hana su wani ci.

“A kan wane dalili?”

Aka ce ba a sani ba.

“Alƙalin wasa ne,” in ji Haladu. “Kullum haka suke mana.”

Ya sa silifas ɗinsa, ya kama tsani.