Baftismar Mista Cornelius

Ran Lahadi, biyu ga Maris, 1975, Allah ya tuna da ɗan ƙaramin cocinmu na Pantami, ya aiko mana da Mista Cornelius. Ana tsakiyar waƙa aka ji odar mota a bakin ƙofa. Mawaƙa suka ɓata baiti, yara suka ɗare tagogi. Marsandi ce fara sol, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Mai ita ya fara fito da ƙafa ɗaya tukuna, don takalmin ya samu nasa rabon kallo, sannan sauran jikin ya biyo baya.

Wasu sun ce sun san shi yana malamin awon auduga, yana yawo da sikeli a bayan keke. Wannan hassada ce kawai. Tun da arzikin man fetur ya fara malala, Mista Cornelius ya zama ɗan kwangila, ya gina kwalbatoci da dama a ƙasar Gombe, wasu ma har sun ga damina biyu.

Mutum ne mai tawali'u. Ba ya zuwa sujada da wuri, don kada a ce yana gasa da talakawa wajen neman Allah. Sai kowa ya zauna yake shigowa, ya ratsa tsakiyar coci a hankali, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Bencin katako ba ya shiri da bayansa, saboda haka ya kawo kujerarsa mai kushin, ya kafa ta a gaban kowa. 'Yan zumuntar mata suka laƙaba masa Sai-An-Fara. Shi kuwa sunan da ya zaɓar wa kansa Ginshiƙin Ikilisiya.

Babbar kyautarsa ita ce tiren Jibin Ubangiji, wato na raba wa masu bi gurasa da ruwan inabi. A da, da tsohon faranti da kofunan roba muke yi, Ubangiji kuma bai taɓa kawo ƙara ba. Mista Cornelius ya yi odar tiren azurfa daga Ingila, da 'yan kofuna masu ƙyalli, an zana gicciye a tsakiya, an zana sunansa a gefe. Sunan ya ɗan fi gicciyen girma, amma ya bayyana mana cewa laifin maƙerin ne.

Ranar miƙa kyautar ya ce, "'Yan'uwa, ni ba mai son a ambaci sunana ba ne. Ni, Cornelius, abin da hannun damana ya bayar, hannun haguna ba ya sani. Mai hoto, matso nan, hasken ya fi kyau."

Sai dai akwai wani abin mamaki. Duk Lahadin farkon wata, da zarar an yaye farin ƙyallen da ke rufe da tiren, sai Ginshiƙi ya dubi agogonsa, ya girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi, "Kwamishina yana jirana." Ya fita. Kwamishinan nan mutum ne mai tsari ƙwarai, bai taɓa nemansa a wata Lahadi ba sai wannan. Matarsa Selina takan zauna a ɓangaren mata, ta karɓi nata, ta koma gida a ƙafa.

A shekarar 1977 aka zo zaɓen dattawan ikilisiya. Su dattawa a kan dakali suke zama, bayan mumbari, suna fuskantar jama'a. Mista Cornelius ya yi tunani ya ga an daɗe ana zaluntar jama'ar Allah: shekara biyu ƙeyarsa kaɗai suke gani. Ya ƙudura zai ba su fuskar.

Fasto Elias, wani gajeren tsoho mutumin Kaltungo, ya jingine kekensa a jikin Marsandi, ya shiga falon Mista Cornelius. Bayan gaisuwa da lemon kwalba ya ce, "Ɗana, a wane coci aka yi maka baftisma?"

Fankar sama ta yi ta juyawa. Selina ta tuna ta bar miya a wuta.

"Baba Fasto, wa ya rufa wa cocin nan kwano?"

"Kai ne, ɗana."

"Wa ya kawo tire?"

"Kai ne. Shi ya sa nake so ka ɗanɗana abin da ke cikinsa."

Ashe ba a taɓa yi masa baftisma ba, dalilin duk tseren zuwa wajen Kwamishina ke nan. Wanda ba a yi wa baftisma ba, ba ya cin Jibi, ba ya kuma hawa dakali. Mista Cornelius ya kawo shawara a yi abin cikin sirri, a bahon wankansa ɗan Italiya, da ruwan ɗumi. Fasto ya ce Mai Ceto ma kogi ya shiga. Ya tambaya ko za a iya aika wakili. Fasto ya yi kamar bai ji ba.

Nan basirar manya ta nuna kanta. Tunda abin ba ya ɓoyuwa, to, a yi shi yadda za a daɗe ana labari. Ya leƙa ajin masu neman baftisma, inda leburori da tsofaffin mata ke zaune a benci, ya yi musu jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, ya fita. Sauran ƙarfinsa ya zuba shi a kan shiri. Aka buga katin gayyata mai bakin zinariya. Aka yanka raguna. Aka kafa rumfa a bakin kogi a Dadin Kowa, aka jera kujeru don manyan baƙi, ciki har da amininsa Alhaji Babayo, abokin kwangilarsa, wanda ya ce ko don naman zai zo.

Da safen ranar Selina ta miƙo masa tsohuwar riga da gajeren wando, irin abin da kowa ke shiga ruwa da shi.

"Baban Noah, ruwa ne fa."

"Ni zan tsaya gaban mai hoto da kayan leburori? Kawo shaddar nan."

Shaddar ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ya ɗora hula, ya ɗaura agogo.

A bakin kogi 'yan zumuntar mata suna buga tulu suna waƙa. Fasto Elias yana tsaye cikin ruwa. Aka fara da Iya mai daddawa. Fasto ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya yi mata tambayar da ake yi wa kowa: "Kin yarda ke mai zunubi ce, ba ki da abin da za ki fanshi kanki da shi?"

"Wayyo, Fasto, sosai ma!"

Ya nitsar da ita, ta taso tana tari tana dariya, mata suka rangaɗa guɗa.

Mista Cornelius bai san da wannan tambaya ba. A ajin da ya yi wa jawabi ake koyar da ita.

Ya shiga ruwa kamar mai zuwa buɗe gada. Babbar rigar ta ƙi nitsewa. Ta kumbura da iska, ta baje a kan ruwa ta kewaye shi, ya zama kamar kaza a kan faifai. Mai hoto ya ɗauka. Fasto ya dafa kafaɗarsa, mai hoto ya ƙara ɗauka.

"Cornelius, ka yarda kai mai zunubi ne, ba ka da abin da za ka fanshi kanka da shi?"

Ginshiƙi ya dubi rumfa. Ga manyan ma'aikata, ga 'yan kwangila, ga manajan banki da matarsa. Shi da bakinsa zai ce ba shi da abin fansa, gaban manajan banki?

Ya rage murya. "Baba Fasto, ba za a iya tsallake wannan ba?"

"Ba na ji, ɗana. Kunnen ya tsufa."

Ya gyara murya, ya juya wajen rumfa. "To, a gaskiya, ya danganta. In ana maganar ɗan'adam gaba ɗaya, ba shakka akwai kurakurai nan da can. Amma in aka dubi irin gudummawar da wasunmu..."

Daga cikin rumfa Alhaji Babayo ya ɗaga ƙashin rago ya yi kira, "Kai Cornelius, ka ce e mana, mu tafi! Wa bai sani ba? Kwalbatin hanyar Kumo ma shaida ne!"

Rumfa ta kwashe da dariya, har masu tulu suka saki kiɗa. Fasto Elias bai yi dariya ba. Ya jira, ruwa yana wucewa. Da ya ga jawabin ya shiga tarihin rufin coci, sai ya sauke hannunsa ya ce a hankali, "Ba komai, ɗana. Kogin yana nan baɗi. Na gaba."

Mista Cornelius ya fito jiƙe har ƙirji, hula a bushe ƙamas. Baƙi suka ci nama suka yaba.

Ba a zaɓe shi dattijo ba. Don kada a rasa kwanon ɗakin Fasto da ya yi alkawari, aka naɗa shi uban taro na dindindin, yana yanka zare a duk bikin da ke da zare. Yanzu yana zaune a unguwar Federal Low-Cost. A falonsa akwai babban hoto: ga shi cikin kogi, hannun Fasto a kafaɗarsa. Baƙi sukan taya shi murna, yakan amsa da tawali'u. Fasto Elias ya yi ritaya ya koma Kaltungo. Tiren yana nan, Selina ce ke goge shi. Kowa a ikilisiya ya sha daga kofunan nan, har Iya mai daddawa, ban da mai sunan da ke jiki. Kwamishina kuma har yau yana jiransa duk Lahadin farkon wata.