Na-Caina da Idon Dodo

Wani mutum ne a Kantin Kwari, Alhaji Mamuda, amma Na-Caina kowa ke ce masa. Ka ce ana zafi, ya ce ai ba ka ga zafin Caina ba. Ka ba shi shayi, ya kurɓa ya yatsina fuska, wai na can ya fi. A bakinsa sau tara ya je. Gaskiyar magana kuwa iyakarsa Legas. Can yake maƙalewa sati biyu a ɗakin ƙaninsa, ya dawo da sandunan cin shinkafa a aljihun gaba kamar biro.

Ana nan sai Mista Luwo, wani ɗan Caina mai masana'antar takalman roba a Sharaɗa, ya ce yana neman wakili ɗaya tak da zai riƙa raba masa kaya a Arewa. Aka tace aka tace, mutum biyu suka rage: Na-Caina da Hajiya Ladidi, wadda ita da gaske take zuwa, sai dai ba ta da surutu. Mista Luwo ya gayyace su bikin sabuwar shekarar 'yan Caina, ya ce ranar zai faɗi gwaninsa.

Na-Caina ya tara abokai a ƙofar shago.

"Ku zo ku ba idonku abinci. Za ku ga dodonsu, ƙaton maciji mai ƙaho da gemu."

"To me yake nufi?" in ji Sallau maƙwabcinsa.

A kalanda kawai Na-Caina ya taɓa ganin abin. Amma mai haƙora irin waɗannan ai ba zai zama na alheri ba.

"Tsiya ce. Duk tsiyar tsohuwar shekara ita ce dodon. Sai an samu jarumi ya kashe shi, sannan sabuwa ta kama. Bara waccan ni na kashe musu."

"Kai da kanka, Alhaji?"

"Da hannun nan. Har kuka suka yi don murna."

Ranar biki da hantsi suka ɗunguma. Ko'ina jajayen fitilu, ga ganguna. Ga kuma dodon a tsakar fili, dogo, an yi shi da ƙyalle da takarda, ma'aikata na riƙe da shi a kan sanduna. Ba ya motsi. Idanunsa farare fat, ba ƙwaya. Mista Luwo da kansa ya tsuguna a bayan kan dodon, ya tallabo shi.

Habibu tafinta ya matso da buroshi mai dogon ƙota, an tsoma shi a jan fenti.

"Ranka ya daɗe, maigida ya ji ka halarci bikin nan sau tara. Ya ce yau kai za a girmama. In yi maka bayanin yadda ake yi?"

Da ya ce i, da an wuce wurin. Amma ga Sallau nan yana kallo.

"Ni za ka yi wa bayani? Kawo nan."

Ya karɓa. Ya dubi jan fenti, ya ce a ransa wannan jini ne. Ya dubi ƙotar, ya ce wannan mashi. Shi ke nan, lissafi ya fita. Ya tattare babbar riga, ya ja da baya taku uku, ya sheƙo a guje.

Ɓurum! Buroshi ya ɓurma idon dama, ya shige har ƙota.

"Na kashe shi!" Ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi.

Ganguna suka ɗauke ɗif. Wata tsohuwa 'yar Caina ta dafe ƙirji. Sannu a hankali Mista Luwo ya miƙe daga bayan kan dodon, goshinsa jajawur, fenti na ɗiga ta kan hancinsa.

Hajiya Ladidi ce ta yi magana, a hankali, amma kowa ya ji.

"Alhaji, wannan ai shi ne alamar arziki a wurinsu. Shi ke kawo ruwan sama da albarka da ƙarfi. Ɗigo kawai ake yi masa a ido, ya farka ya yi rawa, ya buɗe shekara. Kai kuma ka tsiyaye idon arzikin mutum a gaban ma'aikatansa."

Mista Luwo ya faɗi wata gajeriyar magana. Habibu ya yi gyaran murya.

"Wai a wane gari ka ga ana haka?"

"Can ne... ciki-ciki," in ji Na-Caina. "Bayan an wuce gada."

"Gadar Legas dai," in ji Sallau.

Aka liƙe idon da takarda, Hajiya Ladidi ta ɗiga fentin da hannunta, dodo ya tashi yana rawa, aka ba ta wakilci. Na-Caina ya sulale ta ƙofar baya, ko sandunan cin shinkafarsa da suka faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Har yau in ya ratso Kwari ba mai ce masa uffan. Layi guda, daga mai shago har ɗan dako, sai dai kowa ya kanne masa ido ɗaya.